Daga Zauren Gida: Baƙon da Ya Shigo Cikin Dashe

 

Unguwarmu ta Briqueterie ba unguwar lambu ba ce. Kowa ya san yadda gidajenmu suke: bango na jingine da bango, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu masu kaya, tsakar gida kuwa rabinta na igiyar shanya ne, rabi na murhu. Duk da wannan matsi, da wuya mutum ya shiga gida uku a jere bai tarar da wani abu kore ba. Wata ta yanka jarka ta zuba ƙasa, wata tsohuwar roba ce da ta tsage ta ƙi zubarwa, wani kuma tayar mota ya kwantar a bayan ɗaki. A ciki akwai albasa mai lawashi, ko ɗoɗɗoya, ko attaruhu, ko tumatir gindi biyu. Kakanninmu fatake da mahauta sun baro gonakinsu a Arewa tun da daɗewa, amma hannun jikokinsu bai manta da ƙasa ba.

Kwanakin baya wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikanta ya kira mu. Ta sayi dashen tumatir guda shida a wurin masu sayar da furanni da tsirrai na bakin titi, ta jera su a gwangwanayen madara, tana ba su ruwa safe da yamma kamar marayu. Sun kama, sun yi kyau, har sun fara fure. Sai ganyen ya soma yin fari-fari, yana bushewa kamar an gifta masa wuta.

Ta ce, "Malam, zo ka gane mini. Ni dai na ce bakin mutane ne, don kowa ya shigo sai ya yaba, ba mai cewa tubarkalla."

Muka ce, "Inna, bari mu duba tukuna."

Muka tsinki ganye ɗaya muka ɗaga shi saitin rana. Wurin da ya yi fari ya zama kamar takarda, haske na ratsa shi, ciki da ɗigo-ɗigon baƙin kashi. A gefe guda kuwa ga wata 'yar tsutsa mai ruwan kore, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, tana motsi tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa. Ta cinye tsokar ganyen daga ciki, ta bar fatun biyu sun zame mata rufi da shimfiɗa. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ɓarawon a ɗaka yake."

Wannan tsutsa 'yar wani ƙaramin faɗa-wuta ce, irin ƙwarin nan masu fiffike da ke kewaya fitila da dare. Masana sun fi saninsa da suna Tuta absoluta, masu karanta shafinmu na Faransanci kuwa za su gan shi da sunan mineuse de la tomate. Manoman Kano suka laƙaba masa Sharon, jaridun Najeriya kuma suka kira shi Ebolar tumatir. Launinsa toka-toka ne, tsawonsa bai wuce milimita 7 ba. Da rana yana laɓe a ƙarƙashin ganye, sai magariba ta yi ya fito. Mace guda tana iya saka ƙwai har 260 a 'yan kwanakin rayuwarta, ɗai-ɗai a kan ganye da ƙarƙashinsa, ƙanana ƙwarai, sai mai kaifin ido yake ganinsu. Cikin kwana huɗu zuwa mako guda su ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ganye ta shige. In ganye ya ƙare ta shiga kara, ko ta huda ɗan tumatirin, galibi ta ƙarƙashin 'yar hular nan tasa mai kore. Idan ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa ko ta naɗe a ganye, ta kwanta, ta fito da fiffike. A ƙasa mai ɗumi duk wannan zagaye bai cika wuce wata guda ba, saboda haka a shekara ana iya samun zuriya goma zuwa goma sha biyu. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: ko da mata goma kacal ne suka tsira daga ƙwan kowace uwa, a wata uku ɗaya ta zama dubu.

Kada a rikita shi da wani ɗan ƙuda da shi ma tsutsarsa ke shiga ganye. Na ƙudan siririn layi yake ja mai lanƙwasa, kamar rubutun yaro a allo. Na wannan faɗa-wuta kuwa fili ne mai faɗi, kamar tabon ƙuna.

Waɗanda ke da 'yan'uwa a ƙasar Kano da Zariya ba za su manta da shekarar 2016 ba. A ƙarshen noman rani na wannan shekara ƙwaron ya auka wa fadamun Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da dubban kadadu, ya bi ta Katsina da Jigawa da Filato. A watan Mayu gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, hukumominta suka ce kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin da ke wuraren da abin ya shafa sun lalace. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar, ba ta jima ba ta tsaya, don babu abin da za a zuba mata. Kuɗin kwando ya ninka sau da yawa daga kasuwar Kwanar Gafan har zuwa Ikko, ga azumi ya ƙarato. Matan aure suka koma wa kauɗar tumatir da na gwangwani. Wannan dai wahalar mai dafawa ce, kuma ta wuce. Wahalar da ta daɗe ita ce ta manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya kwana da gona kore, bayan 'yan kwanaki ya tarar da ita kamar an cinna mata wuta. Ƙwaron kuma bai tafi ba. Ya sake yin ɓarna mai yawa a 2023 da 2024, kuma a yau yana cikin mafi yawan ƙasashen Afirka, har da gonakin tumatir na nan Kamaru.

To, daga ina ya fito? Asalinsa Kudancin Amurka ne. A ƙasar Peru aka kama wanda masana suka fara bayyanawa a 1917, kuma ya yi shekaru kusan 90 bai ƙetare teku ba. A 2006 aka gan shi a gabashin Sipaniya. A 2008 ya bayyana a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Daga nan ya tsallako Sahara, aka gan shi a Senegal da Nijar, kafin ya kai ga fadamun Kano. Halittar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ba za ta ratsa Tekun Atlantika da fiffikenta ba. Ɗauko ta aka yi: a cikin 'ya'yan tumatir, a jikin akwatuna da kwanduna, a kan dashe. Jirgi ya kai ta tashar ruwa, mota ta kai ta kasuwa, hannun mutum ya kai ta gona.

Turawa ma sun sha irin wannan, kuma labarinsu ya fi fito da abin a fili. Akwai wani ɗan itace mai ƙananan ganye da Faransawa ke kira buis. Ba ya kaɗe ganye, yana girma a hankali, ana aske shi a yi shinge da zane-zane a lambunan fadojin sarakunansu na dā, kuma Kiristocin Faransa da rassansa suke zuwa coci ranar Lahadin da ke gabanin Ista. A 2007 aka ba da rahoton wani faɗa-wuta mai fararen fikafikai da baƙin gefe a kudu maso yammacin Jamus, ɗan asalin Sin da Japan da Koriya, wanda tsutsarsa ba ta da abinci kamar ganyen wannan itace. In ganye ya ƙare ta kankare ɓawo, itacen ya mutu. Cinikin tsirrai na ado ne ya kawo shi, shi ne kuma ya yaɗa shi daga wurin renon tsirrai zuwa wani, har ya game Turai. A 2012 aka sayo irin waɗannan itatuwa daga Italiya domin ƙawata birnin Sochi na Rasha, inda za a yi wasannin Olamfik na hunturu a 2014. Ƙwaron na jikinsu. Cikin 'yan shekaru ya cinye dazuzzukan buis na gaɓar Baƙin Teku, itatuwan da wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Wasannin mako biyu aka yi aka watse. A 2018 aka gan shi a Kanada, a 2021 a Amurka.

Mu ba mu da buis a tsakar gida, kuma ba shi ne ya dame mu ba. Mun kawo labarinsa ne don ƙofar da ya bi ita ce ƙofar da ta buɗe a gidan Inna. Ita ma tsutsar masara da ta bayyana a Afirka ta Yamma a farkon 2016, wadda ake kira chenille légionnaire, daga nahiyar Amurka ta zo, ta game ƙasashenmu cikin shekara biyu. Sai dai ita uwarta mai nisan tashi ce, ta sauka sau ɗaya ta ƙarasa sauran tafiyar da kanta.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Mu mutanen tafiya ne. Ba a mako guda ba a sauke wani a tashar jirgin ƙasa daga Ngaundere ba, ko wata ta dawo biki daga Marwa, ko wani ya dawo saro kaya daga Kano. Kuma mu mutanen tsaraba ne. Sau nawa muka ga an kwance kaya an fito da ɗan reshe naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ko tsiro da ƙasarsa a leda, ana cewa irin na gida ne, ya fi na nan ƙamshi? Niyyar mai kyau ce, kewar gida ce. Amma ƙwan da ke ƙarƙashin ganyen bai san niyya ba. Ƙasar nan tana da doka a kan haka, dokar kare lafiyar tsirrai ta 21 ga Afrilu 2003, kuma akwai jami'an ma'aikatar gona da aka ɗora wa duba tsirrai a kan iyakoki da tashoshi. Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, hedikwatar majalisar da ke kula da lafiyar tsirrai ta Tarayyar Afirka baki ɗaya a nan Yawunde take. Ga cibiyar binciken noma ta IRAD da ofishin IITA a Nkolbisson, tafiyar tasi ɗaya ko biyu daga nan. Amma duk waɗannan ba za su buɗe jakar kowace Hajiya ba, kuma ba ma fatan su buɗe. Mai jakar ce ta san abin da ke ciki.

Addininmu bai bar mu a duhu ba game da wannan. Malamai suna karantar da mu yadda Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya tabbatar masa da cewa haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni: wanda ke waje kada ya shiga, wanda ke ciki kada ya fita. A kan mutane aka yi maganar, ba mu ce hukuncin ɗaya ne da na tumatir ba, wannan sai malamai. Amma hikimar a bayyane take ga mai hankali, cuta ba ta da ƙafa sai wadda aka ara mata.

Sai dai abin da ya fi tsaya mana a rai ba tsutsar ba ce. Duk da sunan Ebola da aka laƙaba mata, ba ta sa wa mutum ciwo. Tumatirin da ta huda, a yanke wurin da duk inda ya ruɓe a zubar, a dafa sauran. Abin tsoron shi ne abin da ake yi don a kashe ta. Tunda tana tsakanin fatun ganye, maganin feshi da yawa ba ya isa gare ta. Manomi ya fesa, ya dawo ya ga tana nan. Ya ƙara ƙarfin maganin. Ya haɗa kala biyu ko uku a famfo ɗaya. Ya koma fesawa duk bayan kwana biyu ko uku. An sha ganin maganin da aka yi domin auduga ko koko ya ƙare a kan kayan miya. Ƙwaron kuwa, saboda saurin haihuwarsa, 'yan kaɗan da suka jure su ne ke haifar na gaba, har a wayi gari maganin ya zame musu ruwan wanka. Tun a Kudancin Amurka ya saba da magunguna da dama kafin ya fito. Waɗanda feshin ke kashewa tabbas su ne gizo-gizo da ƙananan zanzaro da sauran ƙwarin da ke cin ƙwansa, wato dakarun da Allah Ya ajiye wa manomi kyauta. Sauran dafin kuma yana kan tumatirin da za a loda a Fumbot da daddare, a sauke a Mokolo ko kasuwar Mfoundi da asuba, a yanka a kan tsire a bakin titinmu da yamma, ɗanye.

A jikin kowace kwalbar magani ta gaskiya an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. A gindin takardar kuma akwai zirin launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda ya fesa yau ya tsinka gobe ya kai kasuwa, ya sayar da aibin da ido ba ya gani. Mun san abin da ya faru da mai sayar da hatsi a kasuwar Madina, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tulin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, da irin kashedin da ya yi masa. Danshi ma ke nan, wanda iyakarsa asarar kuɗi, balle dafi. Haka mai sayar da dashe, in ya ga tabo a ganye ya tsinke ya ɓoye ya miƙa wa mai saye.

Amma kada mu ɗora wa manomi laifin duka, mu ma da namu. Mu ne muke tsugunawa gaban tire muna juya tumatir ɗaya bayan ɗaya, mai ɗan tabo mu ture, sai mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Mai sayarwa ya gani, ya gaya wa dillali, dillali ya gaya wa manomi, manomi ya ƙara feshi. Ba mu ce a sayi ruɓaɓɓe ba. Mun ce dai sheƙi ba shaidar lafiya ba ne. A wanke tumatir sosai da ruwa mai tsabta, a cire hular, a san kuma cewa wanki yana rage abin da ke kan fata ne kawai. Wata magana kuma da ba za mu gaji da maimaitawa ba: kada a ɗura maganin ƙwari a gorar ruwa ko kwalbar lemo, kada a ajiye shi a madafa ko ƙarƙashin gado. A gida mai yara goma, wannan ganganci ne.

Mai gwangwani shida a tsakar gida ba ya bukatar ko ɗigon irin waɗannan magunguna. Idonsa da yatsunsa sun isa. Kafin a biya kuɗin dashe a juya ganyen a duba, a ɗaga shi saitin rana. Wanda ya fi shi ne a sayi iri busasshe a rena da kai, don ƙwaron ba ya bin busasshen iri, a rufe wurin renon da raga wadda ta fi gidan sauro ƙanƙantar ido. Sabon tsiron da ya shigo gida a ware shi gefe kamar mako biyu, in akwai ƙwai a jikinsa zai tona kansa. Ganyen da aka ga tabo a tsinke, a ƙulle a leda a bar shi a rana ya dahu, ko a ƙone. Kada a jefa a kwata ko a juji, don wannan aika wa maƙwabci ne. Haka ruɓaɓɓen tumatirin kasuwa da tsohon kwandonsa, kada a zube su kusa da shuka da sunan taki. In tumatir ya gama ba da 'ya'ya a tuge shi, kada a bar shi tsaye don tausayi, kuma kada a bi bayansa da gauta ko yalo ko dankalin Turawa a ƙasar nan, dangi ɗaya ne, duk yana cin su. A sa albasa ko alayyafo.

Masu ɗan fili a gangaren rafi, irin na Nkolondom, suna iya ƙarawa da tarko: faranti mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu, a rataya fitila a kai da dare. Akwai kuma wani ɗan roba da ake sayarwa a shagunan kayan gona, mai ɗauke da ƙamshin macen, wanda ke jawo mazan su faɗa ruwa. Ba ya ƙarar da su, amma yana rage su, yana kuma sanar da manomi cewa baƙon ya iso tun kafin ganye ya nuna. Sai 'ya'yan darbejiya, itacen nan da ya yi wa titunan Marwa da Garwa rumfa. A daka busassun 'ya'yan, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. In dai tsaraba ake so daga Arewa, ga wadda ta fi reshe a tsumma.

Inna ta yi asarar huɗu cikin shida. Biyun da suka rage muka tsince su ganye-ganye, ita da jikanta suka ɗauki aikin dubawa kullum bayan sallar asuba. Ta so ta koma ta yi wa mai dashen tas, muka ce bari mu raka ta. Da muka je, yaro ne matashi, ba shi ya rena su ba, sarowa yake yi. Muka tsinki ganye daga cikin kayansa muka ɗaga masa a rana. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi Mama, na ɗauka rana ce ke ƙona su, shi ya sa nake ƙara musu ruwa."

Faɗan da Inna ta ƙullo tun daga gida bai samu fita ba. Ta ce masa, "To ɗan nan, ka gaya wa wanda kake saro wa." Ya kwashe jeren tumatirin daga cikin furanni ya kai gefe, ya ɗebo mata dashen attaruhu biyu ya ce ta riƙe. Ta karɓa, ta juya ganyen ɗaya bayan ɗaya a gabansa, sannan ta sa a jaka.